Wayarka ta kwana da fuska ɗaya, ta tashi da wata: me ke cikin ƙorafin masu waya?

Ranar 15 ga Satumba, 2025, kamfanin Apple ya saki iOS 26, wato sabon zubin babbar manhajar da ke tafiyar da iPhone. Duk wanda ya latsa ya sauke ta, da wayar ta mutu ta kawo, sai ya tarar da baƙuwa a hannunsa. Maɓallai sun zama kamar ɗigon ruwa a kan madubi. Akwatunan sanarwa da layin da ke ƙasan manhajoji sun koma garai-garai, ana hango abin da ke bayansu, haske kuma yana lanƙwasa a gefensu idan an ja shafi sama ko ƙasa. Sunan da Apple ya raɗa wa wannan kwalliya shi ne Liquid Glass, ma'ana gilashi mai gudana kamar ruwa, kuma tun ranar 9 ga Yuni da ya fara nuna ta ya ce ita ce sauyin fasali mafi faɗi da ya taɓa yi wa manhajojinsa.

Tun kafin a sake ta ga kowa aka rabu. Wasu suka ce wayar ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Wasu suka riƙa ɗaukar hoton fuskar wayarsu suna yaɗawa, ga farin rubutu ya hau kan farin hoto ya ɓace ɓat. Masu dogon tuni suka ce ai sun taɓa ganin wannan gilashin a Windows Vista da Microsoft ya fitar a 2007, don haka tsohon zane ne aka wanke aka goge.

Idan irin wannan ta tashi, bayani biyu aka fi ji. Na farko shi ne ɗan Adam ba ya son sauyi, a bar su, za su saba. Na biyu shi ne kamfanin ya lalata abin da yake lafiya lau don kawai ya samu abin talla. Ni a ganina duk biyun gajeren tunani ne, domin suna ɗaukar ƙorafin a dunƙule, alhali kuwa gauraye yake. A cikin hayaniya ɗaya akwai wanda baƙunta ce kawai ta dame shi, akwai wanda idonsa ya kasa karanta rubutu, akwai wanda aka ɗauke wa maɓallin da yatsansa ya haddace, akwai kuma wanda batirinsa ya ƙare da wuri ya ɗora wa kwalliya laifi. Wani kukan yakan mutu da kansa cikin makonni. Wani ba ya mutuwa har sai an gyara. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su kuwa ita ce a duba abin da kamfanonin suke komawa su gyara a hankali bayan sun gama cika baki a kan dandamali.

An taɓa yin irinta a 2013

Wanda ya riƙe iPhone kafin 2013 zai tuna yadda take. Manhajar rubuta bayanai tana kama da littafi mai rawayan takarda. Wurin ajiye littattafai kanta ce ta katako. Dandalin wasanni yana da koren shimfiɗa irin na teburin caca. A iPad har jikin fata aka yi wa kalanda. Maɓalli yana da tudu da inuwa da sheƙi, kana ganinsa ka san na latsawa ne. Wannan salo na kwaikwayon kayan zahiri yana da dalili. A 2007, lokacin da iPhone ta fito, yawancin mutane ba su taɓa sarrafa na'ura ta hanyar shafa gilashi da yatsa ba, sai aka yi musu zane mai kama da abin da suka sani don hannu ya gane inda zai nufa.

A Oktoban 2012 aka yi garambawul a Apple. Scott Forstall, wanda ke jagorantar iOS, ya sauka, aka miƙa ragamar fasalin manhaja ga Jony Ive, mutumin da ya yi suna wajen ƙera siffar na'urorin kamfanin. Cikin watanni ƙalilan Ive da mutanensa suka share katako da fata da inuwa. iOS 7, wadda aka nuna a Yunin 2013 aka kuma saki ranar 18 ga Satumba, ta zo a shafe: farin fili, launuka masu ƙyalli, haruffa sirara kamar gashi, maɓallai da yawa kuma suka zama rubutu tsura mai launi, babu da'ira babu akwati. Ba Apple ne ya fara shafe zane ba, Microsoft ya riga shi da Windows Phone 7 a 2010. Google ma ya zo da nasa salon, Material Design, a 2014.

An yi surutu sosai. An ce tambarin manhajojin kamar zanen yara. An ce launukan sun yi yawa. To ina wannan maganar take yau? Ta wuce. Shafaffen zanen ya zauna shekara goma sha biyu, har ya zama shi ne "yadda waya take" a idon waɗanda suka tashi da shi, kuma shi ne wasu suke kewa a 2025. A nan masu cewa "za su saba" sun yi gaskiya.

Amma duba abin da bai wuce ba. Tun ana gwaji, kafin a saki iOS 7, Apple ya ƙara wa haruffan kauri. Da aka sake ta, mutane suka fara cewa wayar na sa su jiri da tashin zuciya, saboda hoton bango yana motsi idan an karkata wayar, manhajoji kuma suna zabura su cika fuska idan an buɗe su. A Oktoba, wata ɗaya kacal bayan fitowarta, sabuntawar 7.0.3 ta ba da damar kashe wannan zaburar. A Maris na 2014, iOS 7.1 ta kawo zaɓin mayar wa maɓallai siffarsu, da na duhunta launuka, da na rage hango abin da ke baya, da na rage ƙarfin fari. Akwai kuma rikicin maɓallin manyan baƙaƙe a allon rubutu, wanda mutane suka kasa gane ko a kunne yake ko a kashe. Ba a rabu da wannan ba sai a 2015, lokacin da iOS 9 ta sa haruffan allon da kansu suke sauyawa daga ƙanana zuwa manya. A wannan shekarar ce kuma aka ajiye samfurin haruffan Helvetica Neue aka ɗauko San Francisco, wanda kamfanin ya zana musamman don ya karantu a ƙaramar fuska.

Wato ƙorafin "ba kyau" ya mutu ba tare da an taɓa komai ba. Ƙorafin "ba na gani", "ban san ina zan latsa ba", "kaina na juyawa" kuwa, duk sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka gyara. Abin da mutane suka saba da shi daga baya ba shi ne ainihin abin da aka ba su a ranar farko ba.

Sabo ba wauta ba ne

Hausawa na cewa sabo turken wawa, amma a harkar waya sabo jari ne. Mutum yana buɗe wayarsa sau da yawa a rana, kuma ba karanta sunan manhaja yake yi kafin ya latsa ba. Ido yana neman kore a kusurwar hagu, ko shuɗi a layi na biyu, yatsa kuma ya riga tunani isa wurin. Wannan haddar ta hannu ita ce ke sa ka amsa saƙo kana tafiya kana magana da wani. Ranar da aka sauya launi ko aka matsar da maɓalli, aikin da ake yi ido rufe sai ya koma yana neman hankali. Daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, amma idan ta maimaitu sau ɗari a yini sai ta zama haushi. Mai wayar bai yi ƙarya ba idan ya ce an wahalar da shi. An karɓe masa ƙwarewar da ya tara, ba a kuma tambaye shi ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bayanin ɓangarorin biyu. Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan ganin abu kaɗai yana sa a ji ana son sa, ko da babu wata fa'ida da ya ƙara. Wannan ne ya sa tsohuwar fuska take da farin jini, shi ne kuma zai sa sabuwar ta samu nata idan ta jima. Daniel Kahneman da Amos Tversky kuma, a aikinsu na 1979, sun nuna cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa nauyi a zuciya. A ranar sauyi, abin da ka rasa a fili yake, abin da za ka samu kuwa alkawari ne. Don haka ma'aunin ranar farko a karkace yake, ko da sabon zanen ya fi tsohon.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne tambarin Instagram. A Mayun 2016 aka cire tsohuwar kyamara mai ruwan ƙasa aka kawo mai launin faɗuwar rana. An yi ta ba'a kwana da kwanaki. Yau da wuya ka samu mai neman a dawo da tsohon, domin sabon ma yana yin aikinsa, kana hango shi ka gane shi. Amma da Google ya sauya tambarin Gmail da Calendar da Drive da Meet a 2020, ya yi musu launuka huɗu iri ɗaya, ƙorafin ya bambanta: mutane suka ce ba sa iya rarrabe su da kallo ɗaya. Wannan ba maganar kyau ba ce. Aikin tambari shi ne ya bambanta da maƙwabcinsa, kuma sabo ba ya cika maganin abubuwa huɗu masu kama da juna.

Inda gilashi ya samu matsala

A nan ne nake ganin ya kamata a daɗe, domin nan ne ƙorafin 2025 ya fi ƙarfi. Karantuwar rubutu abu ne da ake aunawa. Ƙa'idojin da ake bi a duniya wajen sauƙaƙa shafukan intanet ga kowa, waɗanda ake kira WCAG, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Baƙi a kan fari yana kaiwa 21 bisa 1. Idan mai zane ya ɗora rubutu a kan fili mai launi ɗaya, shi ke da iko da lissafin, zai auna sau ɗaya ya huta. Amma da zarar filin ya zama gilashi, iko ya fita daga hannunsa. Abin da ke bayan rubutun yanzu hoton mai wayar ne, ko shafin da yake karantawa, ko bidiyon da ke tafiya, kuma yana sauyawa duk lokacin da yatsa ya motsa. Apple ya sa gilashin yana lura da bayansa, yana juya rubutu daga fari zuwa baƙi gwargwadon hali. Dabarar tana aiki idan bayan duhu ne gaba ɗaya ko haske ne gaba ɗaya. Idan rabi duhu ne rabi haske, ko kuma wani rubutun ne yake wucewa ta ƙarƙashi, sai haruffa su cakuɗe.

Sannan ba ido ɗaya ke kallon wayar ba. Hoton da ake nunawa a taron kamfani an zaɓe shi ne a tsanake, a kan sabuwar waya, cikin ɗaki mai daidaitaccen haske. Mai amfani kuwa yana iya kasancewa a tsakiyar rana, fuskar wayarsa da tsaga, ya kuma rage haske don batir ya kai shi dare. Daga wajen shekara 40, idon yawancin mutane yakan fara gajiya da ƙananan rubutu na kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 suna da wata matsalar gani, ta kusa ko ta nesa. Saboda haka idan matashi mai kaifin ido ya ce shi bai ga matsala ba, gaskiyarsa ya faɗa, haka ma dattijon da ya ce sanarwa ta zama masa dishi-dishi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya faru a watannin gwaji ya nuna cewa kamfanin da kansa yana laluben hanya. A zubin gwaji na farko, shafin da ake janyowa don kunna Wi-Fi da tocila ya yi garau har tamburan da ke baya suna rikita na gaba. A na biyu aka ƙara masa hazo. A na uku aka dusashe gilashin a wurare da yawa, sai masu son sa suka yi caa, suka ce an kashe abin da aka yi musu alkawari. A na huɗu aka dawo da wani ɓangare na garau ɗin. Ka ga ke nan an gudu ba a tsira ba: kowane mataki yana faranta wa wasu, yana ɓata wa wasu. Bayan fitowarta ma, Nielsen Norman Group, cibiyar Amurka da ta yi fice wajen nazarin sauƙin amfani da manhajoji, ta fitar da suka mai zafi, tana cewa kwalliyar tana janye hankali daga abin da mutum ya zo karantawa. A farkon Nuwamba, iOS 26.1 ta zo da zaɓi biyu: ko gilashi garau, ko mai ɗan rini wanda ke ƙara fito da rubutu. A Disamba, 26.2 ta ƙara da damar daidaita garau ɗin agogon da ke fuskar kulle. Wanda ya ga yadda aka yi da iOS 7 ba zai yi mamaki ba.

Maganar motsi kuwa gajera ce amma ta gaske. A cikin kunne akwai sashen da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana motsi. Idan ido ya ga abu yana zabura yana lilo, kunne kuma ya ce a zaune ake, saɓanin yakan jawo jiri ga masu larurar wannan sashe da masu ciwon ɓarin kai. Ba raki ba ne. Shi ya sa iPhone da Android duka suke da maɓallin rage motsi.

Idan aka matsar da kaya

Wani lokaci ba launi ne ke tayar da ƙura ba, wuri ne. A 2021, a gwajin iOS 15, Apple ya sauko da wurin rubuta adireshi a Safari, manhajar buɗe shafukan intanet ta iPhone, daga sama zuwa ƙasa. Dalilin yana da ƙarfi: iPhone ta farko inci 3.5 ce, manyan na yanzu sun kai inci 6.9, babban yatsa ba ya kaiwa sama idan da hannu ɗaya aka riƙe. Duk da haka aka yi ta ƙorafi har sai da aka sake fasalin, aka kuma ba da zaɓin mayar da shi sama kafin a saki manhajar. A 2024, iOS 18 ta rushe sassan manhajar hotuna ta haɗe su a dogon shafi guda. Shekara ta zagayo, iOS 26 ta dawo da sassan, har shugaban sashen manhaja na kamfanin, Craig Federighi, ya amsa a kan dandamali cewa mutane da yawa sun yi kewarsu. Samsung ma a One UI 7, wato zubin fuskar da yake ɗora wa wayoyinsa, ya raba shafin sanarwa da na maɓallan gaggawa, ja daga dama daban, ja daga hagu daban, amma ya bar hanyar sake haɗe su a saiti.

Irin wannan ƙorafin a tsakiya yake. Wani lokaci sabon wurin ya fi, sabo ne kawai ke ja da baya, kamar na Safari, wanda da yawa suka bar shi a ƙasan daga baya. Wani lokaci kuma an ɓoye abin da ake buƙata kullum a bayan latsawa biyu ko uku don fuska ta yi fayau a hoton talla. Tambayar da nake yi a nan ɗaya ce: bayan wata guda, aikin ya ƙara sauri ko har yanzu yana cin ƙarin latsawa? Idan latsawa ta ƙaru, ba za ta ragu don an saba da ita ba.

Batir kuwa sau da yawa tsautsayi ne ya haɗa shi da kwalliya. Bayan babbar sabuntawa, waya takan kwashe kwanaki tana aiki a ɓoye, tana sake jera hotuna da fayiloli don bincike, tana sabunta manhajoji, sai ta yi zafi ta sha caji. Apple ya fitar da bayani a kan haka a lokacin fitowar iOS 26. Mai waya ba ya ganin wannan aikin, gilashin yake gani, don haka shi zai zarga. Sai dai kuma ba a wanke gilashin tas ba, domin lanƙwasa haske da hazo a kowane motsi aiki ne da injin zane na wayar yake yi, kuma tsohuwar waya ta fi jin nauyinsa. Masu iPhone 4 sun ɗanɗana haka a 2013, sai da iOS 7.1 ta zo suka ɗan samu sauƙi. iOS 26 ta fara ne daga iPhone 11, wayar 2019.

To me ya kai su?

Akwai dalilan kasuwa, babu musu. Wayoyi sun kai matakin da ta bana da ta bara kusan kamarsu ɗaya, sauya fuskar manhaja kuwa yana sa tsohuwar waya ma ta yi kamar sabuwa, ya kuma ba 'yan jarida abin rubutawa. Akwai dalilin haɗe kai: Apple ya ce ya ɗauko ilhamar gilashin daga manhajar tabaransa na Vision Pro, kuma ya shimfiɗa shi a iPhone da iPad da Mac da agogo da akwatin talabijin lokaci guda, har ya daidaita lambobinsu, shi ya sa aka tsallaka daga iOS 18 zuwa 26. A tabarau gilashi yana da hujja, tunda dole mai sanye da shi ya ga ɗakin da yake ciki. A waya, abin da ke bayan maɓalli ba kasafai ake buƙatar ganinsa ba. Wannan, a ra'ayina, shi ne raunin tushen.

Google ya bi wata hanyar. A Android 12, a 2021, salon Material You ya riƙa ɗebo launuka daga hoton bangon mai waya yana rina sauran wurare da su. A Mayun 2025 kuma ya gabatar da Material 3 Expressive, mai manyan maɓallai da siffofi masu motsi, yana cewa ya gina shi a kan bincike 46 da mutum sama da 18,000, kuma a wasu gwaje-gwajen mutane sun gano muhimman maɓallai da saurin da ya kai ninki huɗu. Binciken kamfani ne a kan kayansa, sai a karɓe shi da taka-tsantsan, kuma shi ma bai tsira daga masu cewa ya yi girma ya yi kama da kayan wasa ba. Abin lura shi ne hayaniyar Android ba ta cika tashi lokaci guda ba. Samsung da Xiaomi da Tecno da sauransu kowa yana ɗora tasa fuskar a kan Android, sabuntawa tana isa a rarrabe cikin watanni, mai waya kuma yana iya sauya tambura da tsarin shafin farko da kansa. A iPhone, rana ɗaya ake sauya wa ɗaruruwan miliyoyi, kuma duk abu ɗaya suke gani.

Wa ke magana, wa ya yi shiru

Akwai kuskure biyu da ake yi wajen auna ra'ayin jama'a. Na farko shi ne ɗaukar hayaniyar kafofin sada zumunta a matsayin ƙuri'a. Tun a farkon 2021 Apple ya ce iPhone da ake amfani da su sun haura biliyan ɗaya. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan adadi mutum miliyan goma ne, sun isa su cika intanet da kuka alhali saura suna harkokinsu. Wanda abu ya yi wa daidai ba ya cika fitowa ya sanar, kuma hoton rubutun da ya ɓace ya fi saurin yaɗuwa a kan hoton wanda ya karantu lafiya.

Kuskure na biyu na kamfanoni ne da magoya bayansu, wato ɗaukar yawan masu saukewa a matsayin yarda. Kwana biyar bayan fitowar iOS 7, Apple ya sanar cewa na'urori sama da miliyan 200 sun hau kanta. Adadi ne babba, amma mutum yana saukewa ne kafin ya gani. Bayan ya gani kuma ƙofa a rufe take, domin jim kaɗan bayan fitowar sabuwa kamfanin yakan daina amincewa da sanya tsohuwa. Sabuwar waya da sabuwar manhaja take zuwa. Wanda ya ƙi sabuntawa kuma, a ƙarshe gyare-gyaren tsaro da sababbin manhajoji za su bar shi a baya. Wannan rashin mafita yana cikin abin da ke ƙara wa fushin zafi. Kwatanta da Snapchat, wadda manhaja ce guda da ake iya ajiyewa: da ta sauya fasali a farkon 2018, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke, masu shiga kullum suka ragu daga miliyan 191 zuwa 188 a rubu'i na biyu na shekarar, wato Afrilu zuwa Yuni, kamfanin kuma ya janye wani ɓangare na sauyin. A can ƙafa ta yi magana. Barin iPhone zuwa Android ko akasin haka kuwa yana nufin sayen wata waya da ƙaura da hotuna da saƙonni da duk abin da aka saya, kaɗan ne za su yi haka saboda launin maɓalli.

Akwai kuma waɗanda babu su a lissafin kowa. Masu gwajin manhaja kafin ta fito galibi masu sha'awar fasaha ne, su ne kuma ke aika rahoto. Tsohuwar da jikanta ya koya mata wurare uku da za ta latsa ba ta rubuta komai a intanet. Idan wuraren nan suka sauya, ba za ta ce kamfani ya yi kuskure ba, cewa za ta yi ita ce ta taɓa wani abu ta lalata wayar. Su ma masu ƙera manhajoji suna tsaka mai wuya, domin dole su sake fasalin nasu ya dace da sabon salon. Apple ya ba su damar ci gaba da tsohon fasali na ɗan lokaci, shi ya sa a watannin farko waya ɗaya take da manhajoji masu gilashi da marasa shi, abin da ya ƙara wa ido ruɗani.

Idan aka jera shekarun nan, za a ga yadda rigimar take ƙarewa kusan kullum: kamfani ba ya cewa ya yi kuskure, ba ya kuma janye salon, sai dai ya ƙara maɓalli a saiti. Wannan yana kashe wutar masu surutu, tunda su ne suka san inda saitin yake. Mafi yawan mutane kuwa yadda waya ta zo musu haka suke barin ta, don haka abin da aka zaɓa ya zama na asali shi ne ainihin hukuncin. Duk da haka wurin da aka ajiye maɓallin yana faɗin wani abu. Zaɓin rage hango baya yana nan tun zamanin iOS 7, amma a sashen da aka ware wa masu buƙata ta musamman yake, kuma can aka riƙa tura masu ƙorafi a Satumban 2025, kamar dai matsalar ta idonsu ce su kaɗai. Zaɓin da ya zo a 26.1 ba a kai shi can ba. An sa shi ne a sashen fuska da haske, wurin da kowa yake shiga idan zai ƙara hasken waya ko ya mayar da ita yanayin duhu.